Kyaftin Nemo Tsakanin Littafi da Majigi

Wasiƙun da na zaɓo wannan karo duk a kan littafi ɗaya suka faɗo, 20,000 Leagues Under the Sea na Jules Verne, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli tsohon fim ɗin nan na kamfanin Disney, 20,000 Leagues Under the Sea, na Kyaftin Nemo da jirginsa mai tafiya a ƙarƙashin teku, ya kuma burge ni ƙwarai. Sai wani abokina da ya karanta littafin ya ce mini ban ga komai ba, wai an canza labarin. Mun yi ta musu ba mu daidaita ba. Shin gaskiyarsa ce? In haka ne, wane fim ne ya fi bin littafin sau da ƙafa? Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokinka ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka yi asarar sa'o'inka biyu ba. A cikin finafinan da aka ɗauko daga wannan littafi, ban ga wanda ya kamo ƙafar na Disney na 1954 wajen kyau ba. Sai dai kyan fim daban, riƙon amanar littafi daban.

Bafaranshen nan Jules Verne ne ya rubuta littafin, aka riƙa buga shi kashi-kashi a wata mujalla ta birnin Faris daga Maris 1869 zuwa Yuni 1870. Labarin ya soma a 1866, lokacin da jiragen ruwa suka riƙa cin karo da wani abu dogo mai ƙyalli a teku, mutane na cewa dodo ne. Amurka ta tura jirgin yaƙi mai suna Abraham Lincoln daga New York ya farauto shi. A cikin jirgin akwai Farfesa Aronnax, masanin halittu daga Faris, wanda shi ne ke ba mu labarin da bakinsa, da baransa Conseil, da Ned Land, ɗan Kanada gwanin jifan manyan kifaye da mashi. A Nuwamba 1867, a tekun Fasifik, aka yi arangama, su ukun suka faɗa ruwa, suka tarar ashe dodon jirgi ne na ƙarfe, Nautilus, mai tsawon mita 70 da faɗin mita 8. Mai jirgin, Kyaftin Nemo, ya cece su, amma ya ce ba mai sake taka tudu. Daga nan har tsakiyar 1868 suna tafe, suka ci wajen kilomita 80,000, kusan a ce sun zagaya duniya sau biyu. Wannan nisan tafiya shi ne abin da sunan littafin yake faɗa, wato lig 20,000, kowane lig kilomita huɗu.

Darakta Richard Fleischer ya riƙe wasu abubuwa yadda suke: fursunonin nan uku, da abincin jirgin da duk daga teku ake samo shi, da jana'izar da aka yi wa wani ma'aikacin jirgi a cikin murjani a ƙasan ruwa, da makalewar jirgin a gaɓar New Guinea, da Nemo zaune yana kaɗa ogan shi kaɗai. James Mason kuwa ya shiga rigar Nemo ta zauna masa cif. Wannan ba zan hana su ba.

Abin da suka zubar shi ne tafiyar kanta. Babu Bahar Maliya a fim ɗin. A littafi, Nautilus ya wuce Adan da Moka, har matafiyan suka hango garin Jidda daga nesa, Ned Land ya farauci wata dabba 'yar uwar ayu, farfesa kuma ya tambayi Nemo ko ya taɓa ganin alamar rundunar Fir'auna da ta nutse tana bin Annabi Musa. Nemo ya amsa cewa wurin yana arewa da Suwez, yashi ya cike shi, da ƙyar raƙumi zai jiƙa ƙafarsa. Daga nan suka bi ta wani rami a ƙarƙashin ƙasa suka ɓulla Bahar Rum, a lokacin ba a gama haƙa mashigin Suwez ba, don sai a Nuwamba 1869 aka buɗe shi. Babu birnin Atlantis da ya nutse, wanda Nemo ya kai farfesa cikin dare ya rubuta masa sunan da alli a kan dutse, tunda ba halin magana a cikin ruwa. Babu tafiyar ƙuryar kudancin duniya, inda Nemo ya kafa baƙar tutarsa ranar 21 ga Maris 1868, a kan hanyar dawowa ƙanƙara ta rufe su ta ko'ina, suka yi ta sara da diga numfashi na ƙarewa. Duk wanda ya karanta wannan babi ƙirjinsa sai ya yi nauyi. Disney ya tsare labarin kusan duka a Fasifik.

Na san fim ba zai iya ɗaukar komai ba, ban kuma zarge su don sun rage ba. Abin da ya dame ni shi ne inda suka taɓa halin mutumin. Ka dubi wannan. A littafi, kusa da tsibirin Silon, wato Sirilanka ta yau, Nemo ya kai baƙinsa ƙasan ruwa ya nuna musu wani lu'ulu'u mai girman kwakwa da yake bari yana ƙara girma a cikin ɓawonsa. Suna dawowa sai suka hango wani talaka Ba'indiye yana nutso da dutse a ƙafa yana tsintar ɓawo, aikin da ladansa bai taka kara ya karya ba. Sai ga kifin shak ya taso masa. Nemo ya zare wuƙa ya afka wa kifin, suka yi ta kokawa ruwa ya rine da jini, har kifin ya danne shi, sai mashin Ned Land ya cece shi. Nemo ya ɗauki mutumin ya kai shi kwalekwalensa, ya jira ya farfaɗo, ya damƙa masa jakar lu'ulu'u. Da farfesa ya yi masa magana a kai, ya ce wannan mutum ɗan ƙasar waɗanda ake zalunta ne, shi ma ɗan ƙasar ne har ranar da numfashinsa zai ƙare. A fim fa? Shak ɗin yana nan, amma an cire talakan. Ned da Conseil ne suka saɓa umarni suka je kwasar dukiya a wani tsohon jirgi da ya nutse, Nemo ya kashe kifin ya cece su, sannan ya ce shi zinariya ba ta da amfani a wurinsa sai dai ta ƙara wa jirgi nauyi. Nemon littafi bai raina zinariya haka ba. Yana kwaso ta daga jiragen Sifaniya da suka nutse a gaɓar Vigo a 1702, yana aika wa masu tawaye, kamar mutanen tsibirin Kirit da ke yaƙi da daular Usmaniyya a waɗannan shekaru. Da ka cire wannan ka cire dalilin da ya sa farfesa ya kasa ƙin mutumin da ya ɗaure shi.

Haka faɗan da aka yi da dabbar nan mai dogayen hannaye, wanda na tabbata shi ya fi tsaya maka a rai. Ya cancanci ya tsaya. Da farko sun ɗauke shi a ruwa mai kwanciya da hasken almuru, wayoyin da ke motsa dabbar suka fito fili, sai aka sake ɗauka cikin hadari da duhu da iska. Fim ɗin ya ci lambar Oscar biyu, ɗaya ta dabarun hoto, ɗaya ta tsara wuri. Amma a littafi dabbobin sun kai goma ko sha biyu, a kusa da tsibiran Bahamas, kuma Nemo ne ya ceci Ned, ya kafta gatari a bakin dabbar, ya biya bashin ranar shak. A fim an juya, Ned ne ya ceci Nemo. Abin da ya fi wannan, a littafi dabbar ta sure wani ma'aikacin jirgi, ɗaya daga cikin mutanen da tun farkon tafiya ba su taɓa magana sai da wani yare da farfesa bai gane ba. Da mutuwa ta zo masa sai ya yi kururuwar neman agaji da Faransanci. Farfesa ya ji harshen uwarsa a bakin mutumin da ya yi watanni yana wucewa ta gabansa bai san ɗan ƙasarsu ba ne. Bayan an gama, Nemo ya tsaya jina-jina yana kallon ruwan da ya haɗiye mutuminsa, hawaye na zuba. Wannan bai kai minti ɗaya ba in da sun so ɗauka, amma ba su ɗauka ba.

Dalili a bayyane yake. Sun ɗauko Kirk Douglas, tauraro mai tsada, suka ba shi Ned Land, dole labari ya karkata wajensa. Sai ya zama mai waƙa da garaya, mai dambe, har da wata dabbar ruwa ta gida mai suna Esmeralda da babu ita a littafi. Ned na Verne mutum ne mai ƙarancin fara'a, babba, mai zafin rai, wanda kewar nama da tudu ke cinsa a hankali har ya daina magana. Conseil kuwa, wanda Peter Lorre ya mayar ɗan ban dariya mai tsoro, a littafi saurayi ne mai sanyin rai da ya faɗa teku da gangan don ubangidansa ya faɗa. Yana iya jero maka dangin kowane kifi da rukuninsa amma in ya ga kifin ba zai gane shi ba, Ned kuma yana gane kowanne amma rukuni biyu ya sani, wanda ake ci da wanda ba a ci. Mutane da yawa suna tsallake shafukan nan na jerin kifaye. Ni ina karanta su, domin a nan ne nake gane abin da ya riƙe farfesa a gaban tagar gilashin nan, har ya riƙa jan ƙafa duk lokacin da Ned ya kawo maganar gudu.

Ƙarshen kuma sabo fil suka ƙera. A fim akwai tsibirin Vulcania, sojoji suka kewaye shi, aka harbi Nemo, tsibirin ya tashi da wata irin fashewa mai hayaƙi kamar na bam ɗin nukiliya, jirgin ya nutse da mai shi. Wannan tsoron shekarun 1950 ne, ba na Verne ba. A Janairun 1954 ɗin ne Amurka ta saka jirginta na farko mai aiki da nukiliya a ruwa, sunansa ma Nautilus. Jirgin Verne da lantarki yake tafiya, daga batura na sodiyam da zaiba, sodiyam ɗin daga ruwan teku ake tace shi. Kuma Verne bai kashe Nemo a wannan littafi ba. Nemo ya nutsar da wani jirgin yaƙi da ba a faɗi ƙasarsa ba, farfesa na kallon mutane suna mutuwa ta taga, sannan ya shiga ɗakinsa ya durƙusa gaban hoton wata mace da yara biyu yana kuka. Bayan wasu kwanaki jirgin ya faɗa cikin babbar guguwar ruwa ta gaɓar Norwe, su ukun suka tsira, suka farka a bukkar wani masunci a tsibiran Lofoten. Ko Nemo ya rayu, farfesa bai sani ba, mai karatu ma haka.

Kan tambayarka ta biyu, babu wanda ya bi shi sau da ƙafa. A 1997 kaɗai an yi biyu na talbijin. A wanda Ben Cross ya fito a Nemo an kori Conseil aka ba farfesa 'ya mace mai suna Sophie, don a samu soyayya. A wanda Michael Caine ya fito a Nemo an mayar da farfesa saurayi, aka ba Nemo 'ya, aka kawo wani sabon mutum da Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan Najeriya haifaffen Landan, ya fito a matsayinsa. Jirgin Verne babu mace ko ɗaya a cikinsa, masu fim kuwa sun kasa haƙura da haka tun 1916. In dai kusanci ake nema, duk da abin da na lissafa, na Disney ɗin da ka kalla ya fi waɗannan biyu kusa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'abociyar finafinan Indiya ce. Na ga Naseeruddin Shah da rawani da gemu an ce shi ne Kyaftin Nemo, alhali wanda na sani a da Bature ne. Shin son zuciyar masu fim ne, ko kuwa? Daga wata malamar makaranta, Maraɗi.

Amsa: Malama, barka kadai. A wannan karon masu rawanin ne suka fi kusa da marubucin. Fim ɗin da kika gani, The League of Extraordinary Gentlemen na 2003, ba labarin Verne ba ne, aron mutumin kawai aka yi aka haɗa shi da jaruman wasu littattafai. Amma asalin da suka ba shi daga Verne ya fito.

Yadda abin ya faru yana da ban sha'awa. Da farko Verne ya so Nemo ya zama basaraken ƙasar Foland wanda Rashawa suka hallaka iyalinsa lokacin tawayen 1863. Mai buga masa littattafai, Pierre-Jules Hetzel, ya ƙi, don ba ya son ɓata wa Rasha rai, ga shi kuma ana sayen littattafansu a can. Suka yi ta musayar wasiƙu. Da Verne ya ga ba za a bar shi ya faɗi abin da yake so ba, sai ya zaɓi ya yi shiru gaba ɗaya. Shi ya sa a littafin farko ba a san ƙasar Nemo ba, ba a san maƙiyansa ba. Sai a wani littafin na daban, The Mysterious Island, wanda ya fito a 1874 zuwa 1875, Nemo yana tsoho a kan gadon mutuwa a cikin jirginsa ya buɗe baki. Sunansa Yarima Dakkar, ɗan sarkin Bundelkhand a tsakiyar Indiya, ya yi karatu a Turai, ya koma gida ya shiga tawayen 1857 da aka yi wa Ingilishi, aka kashe masa iyaye da mata da 'ya'ya, aka sa kuɗi a kansa. Mu da kakanninmu suka ga 1903 a Kano da Sakkwato, da abin da sojojin Faransa suka yi a ƙasar Hausa ta arewa a 1899, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan abin da ke cin irin wannan mutum.

Abin mamaki, fim mai tsawo na farko, wanda kamfanin Universal ya yi a 1916 tun ba a fara sa murya a fim ba, ya san da wannan. Ya haɗa littattafan biyu, ya nuna Nemo yariman Indiya, ko da yake Ba'amurke ne, Allen Holubar, aka shafa wa baƙi a fuska. Wannan fim ya shiga tarihi ta wata fuskar ma: 'yan'uwan nan Williamson sun sauke wani ɗaki mai tagar gilashi a ƙarshen dogon bututu a ruwan Bahamas, mai kyamara ya zauna a ciki, 'yan kallo suka ga ƙasan teku a majigi. Bayan shi sai aka yi shekaru Turawa na karɓar rigar, James Mason, Herbert Lom a 1961, Robert Ryan a 1969. Omar Sharif, ɗan Masar, ya sa ta a 1973. Rashawa sun yi nasu a 1975, suka fito da tarihin Indiya sosai. Sai kuma mai dogon zango, Nautilus, na 2024, kashi goma, wanda Shazad Latif ya ja. Ya sa kamfanin Ingilishi mai mulkin Indiya a matsayin maƙiyi ɓaro-ɓaro, amma labarin kusan duk ƙirƙirarsu ne.

Ra'ayina, Malama, rawanin daidai ne, na kuma ji daɗin ganinsa. Amma ina ganin shirun da aka tilasta wa Verne ya yi wa littafin farko alheri. Saboda ba a ambaci ƙasa ba, ɗan Foland da Ba'indiye da Bahaushe duk suna iya karantawa su ce namu ne. Masu fim ba sa iya barin wannan gurbi a buɗe. Kowa sai ya cike shi, Disney da wani tsibirin bayi da ya ƙirƙira, waɗansu da 'ya'ya mata da tsoffin maƙiya masu suna.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina so in saya wa yarana littafin da Turanci. Na ga iri-iri a kasuwa, wani siriri wani mai kauri. Wanne zan ɗauka? Daga wani mahaifi, Kaduna.

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Siraran an taƙaita su ne don yara 'yan firamare, ba laifi a fara da su. Masu kaurin ne ke bukatar lura. Fassarar Turanci ta farko, ta wani limamin coci mai suna Lewis Mercier a 1872, ta yanke fiye da kashi ɗaya cikin biyar na littafin, ga kurakurai a lissafi da kimiyya, kuma har yau ita aka fi bugawa don ba a biyan kowa haƙƙin mallaka a kanta. Ita ce kuma mafi yawan masu jin Turanci suka sani shekara da shekaru. Ka nemi fassarar William Butcher ta maɗaba'ar Oxford, ko wadda Walter James Miller ya sa hannu a ciki. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi su sun huta, sai su karanta Faransancin Verne kai tsaye.

Ga yadda za ka gwada tun kana tsaye a shago. Buɗe kashi na biyu, babin gaɓar Vigo, wurin da farfesa ya leƙa ɗakin Nemo ba ya nan. A cikakken littafi zai ga hotuna rataye a bango: Kosciuszko na Foland, Botzaris na Girka, O'Connell na Ailan, Washington, Manin na Italiya, Lincoln, da John Brown da aka rataye a 1859 saboda yaƙi da bautar da baƙar fata. Idan ka ga farfesa ya shiga ɗakin, agogo ya buga ƙarfe takwas, ya fito ba a ambaci waɗannan sunaye ba, ta Mercier ce a hannunka, mayar da ita kan kanta ka tambayi mai shago wata.